Madubin da Pamfil Ya Ƙi Rufewa

Kafin a nuna abin a talabijin, kafin likitoci su riƙa yawo da shi gari-gari ana yi musu tafi, Pamfil Burz ya riga ya gani da shi. Shi ne na farko, babu na gabansa. In wani ya ce maka a Bukares aka fara, ko a kan wani Bajamushe, ka bar shi da surutunsa, bai san komai ba. A ƙeyar Pamfil aka fara dasa shi, tsohon mahaƙin zinariya da ko sunansa ba ya iya rubutawa sai an riƙe masa hannu.

Kuma ba don tausayi suka zaɓe shi ba. Mai taurin kai suke nema, da suka tambaya duk kwarin gida ɗaya aka nuna musu. Mutumin da rami ya rufta da shi, ya haɗiye abokan aikinsa, shi kuwa ya tofo shi. Mutumin da nakiya ta tashi a fuskarsa ta kwashe ido biyu, amma ya fito da ƙafarsa yana zagin masu ceto su matsa su ba shi hanya. An rufe ramukan zinariyar, samari sun watse Italiya da Sifen, likitan da ya ce ba zai kai baɗi ba ya daɗe a ƙasa, Pamfil yana nan yana kurɓar tsuika, barasar ƙauyensu, kowace safiya. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a duhu, matarsa Saveta ce idonsa.

Likita Sorana ce ta kawo maganar, wata siririyar yarinya daga jami'a a Kluj. Aka kai shi birni, aka buɗe ƙeyarsa aka sa wani ɗan faifai da bai fi farcen babban yatsa ba, aka ɗora masa baƙin tabarau mai ɗan ido a tsakiya kamar ƙwayar wake. Tun farko ta gaya masa kada ya sa rai da hoto. Wannan ba kyamarar masu ɗaukar biki ba ce. An ƙera shi ne a kan yadda idon mai rai yake aiki, ba ya kai wa ƙwaƙwalwa labari sai abu ya motsa ko haske ya canja. Abin da ya tsaya cak, babu shi.

"To bango fa?" in ji Pamfil.

"Bango ba ya motsi, Mosh Pamfil. Kai za ka motsa." Mosh suke ce wa dattijo a can.

Haka ya koyi kaɗa kai. Da ya kaɗa, sai gefen ƙofa da tebur da murhu su fito da ɗigo-ɗigon haske kamar tartsatsin maƙera. Da ya tsaya, su mutu. Likitoci sun ce sai ya yi rabin shekara kafin ya tsallaka titi, bai yi rabin haka ba ya tsallaka, har ya tsaya a tsakiya ya zagi wani direba. A shagon Ilarie, inda tsofaffin ƙauye ke taruwa, suka sa masa suna Zakara saboda kaɗa kan. Bai damu ba. Zakaran yanzu yana ganin hannun da ke miƙowa wajen kofinsa, kuma yana buge shi.

Abu na farko da ya gani a gidansa Saveta ce tana tuƙa mamaliga, tuwon masararsu. Bai ga fuska ba. Hannu ya gani yana zagaya tukunya da muciya, kafaɗar hagu ta ɗan karkace, ƙugu yana bin hannun. Yana ta kallo har ta juyo.

"Ka ƙura min wannan abin kamar mujiya, lafiya?"

"Kin tsufa, Saveta."

"Ka ga fuskata ne?"

"Tafiyarki na gani. Yarinya na bari, na dawo na tarar da kakarta."

"To sannu, saurayi. Ka gode Allah abin nan ba ya nuna maka kanka. Ni na san abin da nake haƙuri da shi."

Daga ranar ba shi da aikin da ya wuce kallonta. Saveta mace ce da ba ta san zama ba, daga murhu zuwa tebur, daga tebur zuwa taga, shara, wanki, yankan albasa. Ga mai irin wannan ido, mace mai kai-kawo ita ce hasken gida. Mutane na cewa ya je birni ya ga motoci da jiragen ƙasa, ya ce ya gani, ambaliyar tartsatsi ce kawai mai sa ciwon kai. Kujerarsa ta kusa da taga ta ishe shi.

A kaka ta biyu ta kwanta ciwo, nan ya gane abin da ba wanda ya yi tunaninsa a Kluj: mai ciwo ba ya motsi. Saveta ta ɓace masa tana kwance a gabansa. Abin da ya rage ɗan siririn layi ne a gefen bargo, yana hawa yana sauka da numfashinta. In ya kaɗa kai bango da gado su taso su cinye layin, don haka ya daina kaɗawa. Yakan zauna ya ƙame wuyansa, duk duniya baƙi ƙirin, sai wannan layin.

Ƙanwarta Rafila ta tsallako rafi ta zo jinya. Wata rana da hantsi Rafila tana waje tana shanya, ya ga layin ya fara tsinkewa. Bai kira kowa ba, babu lokaci. Ya lalubo kyandir ya kunna, ya sa a hannun Saveta ya dunƙule nasa a kai, don kada ta tafi a duhu. Shi ya san duhu, ba labari aka ba shi ba. Layin ya hau, ya sauka, bai sake hawa ba. Aka bar shi da harshen wuta guda yana rawa a tsakiyar babu komai.

Rafila ta yi kukanta a tsaye, tana yi tana aiki. Ta rufe madubin ɗaki da zane, ta rufe talabijin, ta rufe gilashin kabad. Ta cika kofi da ruwa ta ajiye a taga, ta rataya farin tawul kusa da shi, don mai tafiya ta sha ta goge fuska a kwana arba'in ɗin da za ta yi tana zagaya gidanta kafin ta kama hanya. Sannan ta zo ta tsaya a gaban Pamfil da baƙin ƙyalle a hannu.

"Cire."

"In cire me?"

"Madubin da ke fuskarka."

"Ke tsohuwar akuya, wannan ido ne. A ina kika ga an rufe wa mai rai ido don an yi mutuwa?"

"Idon da ake sa wa caji? Ka raina min hankali. Yana ɗaukar mutum ko ba ya ɗauka?"

"Ba irin wannan ɗaukar ba."

"Ɗauka ɗauka ce. Duk abin da mutum zai leƙa ya ga kansa a ciki, rufe shi ake yi. In ta leƙa ta maƙale, kai za ka fito da ita? Yaya Pamfil, ka ji tsoron Allah, 'yar uwata ta sha wahalarka tana da rai, ka bar ta ta huta."

"Yayarki ta yi shekara talatin tana jan hannuna. Ranar da za a fita da ita ba zan bi ta da lalube ba. Matsa min."

Ta kai ƙara wurin Fada, limamin cocinsu. Fada ya zo gidan, ya shafa gemu, ya dubi tabarau ɗin ta nan, ya duba ta can, ya ce shi dai bai taɓa karanta komai a kan tabarau ba. Maganar madubin ma, in ji shi, ta tsofaffi ce ba ta coci ba. Amma da zai fita sai da ya kauce, bai yarda ya gifta ta gaban ɗan idon ba. Pamfil ya gan shi sarai.

Kwanakin da gawa ta yi a gida, Pamfil yana tsaye a bakin akwati yana kaɗa kai a hankali, hagu da dama. Mata suka riƙa cewa baƙin ciki ya taɓa tsohon. Ba su sani ba, fuskarta yake fitarwa. Tana raye ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ya samu yin haka ba. Yanzu ga goshi, ga karan hanci, ga haɓa, suna fitowa ɗigo-ɗigo suna mutuwa, ya sake kaɗawa su dawo. Ya bi ta har maƙabarta da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe masa hannu.

Washegarin binnewa da hantsi ya zauna a kujerarsa. Rafila ta koma gidanta, ƙofa a rufe, murhu ba wuta. Bai kaɗa kai ba, don ba abin da yake son gani. Ya daɗe a haka cikin baƙin.

Sai tartsatsi ya tashi a wajen murhu.

Da farko kaɗan ne, kamar ƙudaje. Sai ya haɗu ya zama hannu. Hannun yana zagayawa, kafaɗar hagu a karkace, ƙugu yana bi. Babu ƙarar muciya, babu ƙamshin masara, babu motsin takalmi a katako.

"Saveta?"

Ba ta juyo ba. Ta gama tuƙin, ta taka zuwa tebur, ta goge hannuwa a gaban riga yadda ta saba, ta ɓace. Ya zabura zai tashi, bango da kabad suka taso suka cika masa ido. Nan ya gane sharaɗin: sai ya ƙame kamar dutse take fitowa. Gobe ta dawo, jibi ma haka. Mutumin da ya sha wahalar koyon kaɗa kai ya koma koyon zaman gawa, tun safe har rana ta karkata, wuya ya sage, ƙafa ta mutu, bai damu ba.

Wani da ya samu irin wannan sai ya ɓoye. Pamfil ba mai ɓoye nasara ba ne. Ya gangara shagon Ilarie ya faɗa wa kowa.

"Ku duk nan kun binne mata. Wa tasa ta dawo masa? Kai Ilarie, taka ko tana da rai ba ta son dawowa gida."

"Ka rage tsuika, Zakara."

"Da kuɗinka na sha? Ina gaya muku tana nan, kullum tana tuƙa mamaliga."

"To ka kawo mana mu ɗanɗana," in ji Ilarie. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Wani tsoho a ƙurya ya yi alamar gicciye ya tashi ya bar kofinsa rabi.

Kafin azahar Rafila ta iso tana haki. Taga ta nufa ta ɗaga kofin ruwan.

"Bai ragu ba," in ji ta. "Tun da na zuba bai ragu ba. Na uwarmu kullum sai na ƙara, na mijina ma haka. Ba ta sha, Pamfil. Ta yaya za ta sha tana cikin wannan abin?"

"Sanyi ake yi, wa ke jin ƙishi?"

"Mafarkinta nake yi kullum. Tana tsaye da ƙullin kayanta, leɓenta a bushe."

"Ki daina cin kabeji da yamma."

Ta fita ta buga ƙofa. Ita ce ta sa aka kira Likita Sorana a waya.

Likitar ta hawo dutsen da 'yar motarta, ta yi gaisuwar mutuwa, ta karɓi tabarau ta jona da na'urarta a kan tebur. Rafila na tsaye a kanta ta harɗe hannu. Pamfil na zaune a duhu yana jin ƙarar yatsun likitar.

"Ba ƙarya yake yi ba, Goggo Rafila," in ji likitar. "Abin yana aika masa da siffar mutum a wajen murhu."

"Kin ji ko, akuya?"

"Tsaya, Mosh Pamfil, ban gama ba. Ka tuna na ce maka idon nan yana koyo? A cikinsa akwai 'yan hanyoyi ƙanana kamar na ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi gani, hanyarsa ta fi faɗi, kamar yadda ƙafa ke fitar da turba a ciyawa. Shekara biyu ba abin da ya kalla kamar Goggo Saveta. Yanzu da rana ta shigo ta taga, labule ya ɗan motsa ko inuwar ganye ta gifta murhu, sai ya ɗauki wannan kaɗan ɗin ya ƙarasa da abin da ya sani."

"Wato tana ciki," in ji Rafila.

"Ban ce haka ba. Tafiyarta ce a ciki, yadda take motsi."

"'Yar nan, in an cire wa Saveta motsi me ya rage? Na ga abin da ya rage, mun binne shi ranar Laraba. Ke da bakinki kin faɗa, tana ciki."

Pamfil ya gyara zama.

"To ki kwafe min ita a na'urarki, ki ajiye. Sai a rufe tabarau, kowa ya huta."

"A kai yayata Kluj a jaka?" Rafila ta dafe ƙirji. "Matar da ko kasuwar gunduma ba ta son zuwa?"

"Ba ma zai yiwu ba," in ji Sorana. "Ba hoto ba ne da za a kwafa, a jikin abin yake, kamar lanƙwasar tsohon takalmi. Zan iya sharewa yanzu in kana so."

"Ki taɓa ki ga yadda ake gangara dutsen nan ba mota."

"To ban taɓa ba. Amma ku ji gaskiya ku biyu. In an kashe shi aka rufe har makonni, hanyoyin za su shafe da kansu, ba za ta sake fitowa ba. Kuma ba ita kaɗai ba. Ƙwaƙwalwarka ma za ta manta abin da ta koya, Mosh Pamfil. A shekarunka ban yi maka alkawarin ganin zai dawo yadda yake ba."

"Kin ji, Rafila? So kike in kashe matata sau biyu, in haɗa da idona."

"So nake ka sake ta," in ji Rafila, muryarta ta yi ƙasa. "Arba'in in ta wuce ƙofa ta rufe. Daga nan ba nan ba can."

Ya miƙa hannu, likitar ta sa masa tabarau a tafi. Ya ɗora abinsa ya ce su gaida gida.

Kwanaki suka ja. Rafila ta daina shigowa, sai dai ta ajiye masa miya a bakin ƙofa ta juya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tsaunuka, rana ta koma shigowa a kwance. Saveta tana zuwa kullum, murhu, tebur, goge hannu. Yana yi mata hira, yana ba ta labarin wanda ya sayar da saniya da wanda ɗansa ya ƙi dawowa daga Sifen. Ya ce a ransa in wannan ne maƙalewa, ai ba ta da muni. Mace a ɗakin girkinta, ga mijinta.

Sai wata safiya ba ta tuƙa komai ba.

Ta fito a wajen murhu ta miƙe zuwa ƙofa. Hannu ya ɗaga zuwa sakata, ya tsaya. Kai ya waiwayo wajen kujerarsa. Ta ɗan jima a haka, ta watse. Kafin ya sauke numfashi ta sake fitowa a murhu, ta sake miƙewa ƙofa, hannu a sakata, waiwaye.

Ya san wannan waiwayen, ko da yake a shekarun duhu da kunne ya san shi. Saveta ba ta taɓa fita gida ba sai ta tsaya a nan ta duba: sandarsa na kusa da hannunsa? Wuta ta yi nesa da shi? Sai ya ce mata, je ki, ni jariri ne? Sannan ta fita.

"Je ki," in ji shi. "Ni jariri ne?"

Ta watse, ta fito a murhu, ta nufi ƙofa.

Ya faɗa da ƙarfi. Ya faɗa da zagi, ya faɗa da lallashi. Ya tashi ya zare sakata ya wangale ƙofar har iska ta shigo da ƙanƙara, ya koma ya ƙame. Ta zo daidai wurin, ta ɗaga hannu wajen sakatar da ba ta nan, ga fili a gabanta, ga hanya har rafi, ta waiwayo ta dube shi. Ta koma. Duk safiyar haka, kuma ya ga kamar tafiyar tana ƙara sauri.

Likita za ta ce rana ce ta sauya wurin faɗuwa, inuwa ta koma gefen ƙofa. Ta faɗa ma daga baya, ta kuma rubuta. Amma likita ba ta taɓa kwana a ramin da ya rufta ba. Pamfil ya kwana. Ya san yadda mutum yake rarrafawa zuwa bakin da ya toshe, ya dafa dutse, ya koma, ya ce bari in sake dubawa, ya sake komawa, alhali ya san ba abin da ya canja. Ya ji abokan aikinsa suna yin wannan tafiyar a gefensa har suka daina ɗaya bayan ɗaya. Ba ya bukatar Fada ko jami'a su gaya masa abin da yake kallo.

Kuma a sani, ba Rafila ce ta sa shi ba. Ba a haifi mai sa Pamfil Burz abin da bai yi niyya ba. Shi kaɗai ne a ɗakin. Ya bari ta sake zuwa sau ɗaya, ya kalli kafaɗar nan da kyau, da yadda ƙafar dama ke ɗan ja, da kan da ke juyowa. Tana tsakiyar waiwayen ya ɗaga sandarsa sama.

"Ga ta nan a hannuna. Murhu ba wuta. Rafila na kawo miya, ba daɗi, amma ina sha."

Ya cire tabarau. Ya zare batirin da farce, ya lalubo ɗankwalinta da ke rataye a bayan kujera, ya naɗe abin ciki ya ƙulle, ya tura can ƙasan akwatin barguna ya rufe. Ya bar ƙofa a buɗe har sanyi ya kai masa ƙashi.

Wani mai son daɗin labari zai ce ya ji takun sawu, ko iska ta shafa masa kunci. Pamfil ba ya ƙari. Bai ji komai ba. Duhu ne irin na da, sai dai wannan karon ba mai cewa ɗaga ƙafa, akwai tudu. Ya fasa goshi a gefen kabad tun kafin yamma. Da safe ya lalubi taga ya tsoma yatsa a kofin, sai da gaɓa ɗaya ta shige kafin ya taɓa ruwa. Ya aika aka kira Rafila.

"Zo ki ƙara wa yayarki ruwa, malalaciya."

Ta shigo ta ga fuskarsa ba tabarau, ramukan ido biyu a fili. Ya ji ƙarar ruwa a kofi, ya ji tana jan hanci.

"Mura kike yi?"

"Rufe min baki, makaho."

Aka yi arba'in. Aka dafa koliva, alkamar sadakar mamaci, da zuma, aka raba burodi da kyandir a ƙofar coci, Fada ya yi addu'arsa a kan kabari. Rafila ce ta ja hannun Pamfil, ta sa shi a rami sau biyu, ya ce da gangan ne. Sai da komai ya wuce ya yarda aka kira Sorana.

Ta kwance ɗankwalin, ta mayar da batir, ta ɗora masa. Ya kaɗa kai. Tartsatsin da ya fito bai kai rabin na da ba, kuma a warwatse, ba a gane tebur daga murhu. Duk hunturun ya yi yana neman gefen ƙofa, ya samu, don shi ba a ka da shi. Hannun mai satar kofi dai ya daina gani, Ilarie ya gane haka kuma yana morewa. Titin birni kuwa ya bar wa masu shi.

Har yau yakan zauna a kujerar da hantsi ya ƙame wuya. Rana ta shigo, labule ya motsa, inuwa ta gifta murhu. 'Yan ɗigo su tashi kamar ƙudaje, su watse, ba sa zama kowa.

Yanzu abin ya yi yawa, an ce har a Japan ana sa wa mutane, kuma masu ilimi suna da sunan da suke kiran abin da Pamfil ya gani, suna cewa kuskuren na'ura ne, sun gyara. Su gyara. Duk mai cewa labule ne da inuwa, kada ya ɓata bakinsa a shagon Ilarie. Ya jira ranar da za a shimfiɗe nasa mamacin a tsakiyar ɗaki. Ranar ya hana matan gida rufe madubi, ya jingine wayarsa a kan kabad tana kallon gawar, ya bar su haka har arba'in, yana kwana yana tashi a ɗakin shi kaɗai. In ya iya, ya hawo dutsen nan, gida na ƙarshe kafin daji, ya tsaya a gaban Pamfil ya ce masa maƙaryaci. Ya dai riƙa motsi yana faɗa, don tsohon ya ga wa ke magana.